Tururuwa a Ruwan Nonon Ƙanwata

Shekarun baya, lokacin ina karatun digiri na biyu a ƙasar waje, duk abin da 'yan gidanmu suka riƙe game da karatuna kalma ɗaya ce: ɓera. Idan maƙwabta a Hausari, unguwarmu a Potiskum, suka tambayi mahaifiyata me nake karantawa, sai ta gyara zama ta ce, "Ɓeraye take kiwo." Ba da wasa take faɗa ba, iyakar abin da ta fahimta ke nan, kuma ta fi kusa da gaskiya fiye da yadda nake so. Wana kuwa, wanda ya gaji shagon atamfar mahaifinmu a kasuwa, Daktar Ɓeraye yake ce mini. Duk sanda na kira waya sai ya ce in yi sauri in gama, ga marasa lafiya nan suna jirana a bayan dilolin shago.

Na taɓa zaunar da shi na yi masa bayani, don tsokanar ta fara cina. Na ce jikin mutum yana ƙera wasu sinadarai a cikin jini, likitoci na kiransu antibodi, kowanne da irin cutar da yake cafkewa. Cututtukan duniya ba sa ƙirguwa, amma ƙwayoyin gadon da ke ɗauke da tsarin waɗannan sinadarai ba su da wannan yawan. Hikimar ita ce ba a ajiye su a haɗe ba. Guntu-guntu suke, an jera su layi-layi, sai kowace ƙwayar jini mai wannan aikin ta ɗauko guntu ɗaya daga layin farko, ɗaya daga na biyu, ɗaya daga na uku, ta haɗa nata wanda ba irin na kowa ba. Wana ya ce, "Ashe tela ne. Ya ɗau yadi a nan, leshi a can, ya haɗa riga." Na ce to, kusan haka. Aikina shi ne in jera layukan mutum da na ɓera in kwatanta su. Tsarin jerin ɗaya ne, sai dai na ɓera ya fi tsawo a wani wajen, kuma a duka biyun akwai guntayen da suka lalace tun zamanin da, ba a amfani da su, ba a kuma zubar da su ba. Malaminmu yakan ce tsarin nan ya girmi mutum da ɓera gaba ɗaya, har kifi yana da irinsa. Ina son aikin nan sosai, kuma ba zan ɓoye ba, ina da ɗan jin kai na wadda ta san abin da 'yan unguwarsu ba su sani ba.

Gidanmu gidan mata ne. Mun taso mun san Umma ta haifi maza da suka koma tun suna ƙanana, wana ne kaɗai ya tsaya. Ba a maganar, mu ma ba mu tambaya. A garinmu wace uwa ce ba ta binne ɗa ba?

Ƙanwata ta riga ni aure. Mijinta direban tirela ne, yana kai shanu kudu, mutum mai sauƙin kai, ɗan asalin yankin nan, mahaifiyarsa tana zaune a Damagum. Haihuwar farko mace, lafiya lau, har yau tana nan. Na biyu namiji, bai cika shekara ba. Na uku namiji, ya kusa shekara biyu sannan ya tafi. Dukansu an haife su jajur, ɓul-ɓul, sai sun kai wajen wata shida ciwo ya fara: kunne ya yi ruwa, tari ya kama, gudawa ta biyo, a yi magani ya lafa ya dawo. Mata suka fara kiranta mai wabi a bayan idonta, wato wadda 'ya'yanta ba sa tsayawa. Ina can ta haifi na huɗu, shi ma namiji. Da na zo hutu na tarar da shi yana neman wata shida, ta zo da shi gidanmu ta kwana biyu. Yaro ne mai dariya da baki duka, in ka ɗaga shi sai ya cafki ɗankwalinka. Kunnensa na hagu ya fara ɗan ruwa.

Wata rana da la'asar muna tsintar shinkafa da Umma, na yi abin da ban taɓa yi ba, na tambaye ta yadda 'yan'uwana suka rasu. Ta ce, "Duk sai da suka fara zama. Sai kunne, sai ƙirji." Na ce a gidansu fa, can Kano? Ta ce ita ma ƙannenta maza biyu haka suka tafi, kakarmu har tsufanta tana ambatonsu. Na ce mata fa, akwai wadda ta yi irin wannan ciwon? Ta ɗago ta dube ni ta ce, "Mata ai ba abin da ke samunsu."

Hannuna ya tsaya a cikin faranti. Na san wannan cutar. Na karanta ta don jarrabawa, har na samu maki mai kyau. Lahani ne a wata ƙwayar gado da uwa ke ɗauke da ita ba tare da ta yi mata komai ba, in ta haifi namiji yana iya gada, yana iya tsira. Wanda ya gada, layukan nan da nake ƙauna duk suna nan cif a jikinsa, babu guntun da ya ɓata, amma ƙwayar jinin da za ta haɗa su sai ta fara aiki ta tsaya a rabi. Yaro ya tashi babu antibodi nasa ko kaɗan. Abin da ke riƙe shi a watannin farko aro ne, wanda uwarsa ta zuba masa tun yana ciki, kuma aron nan wajen wata shida yake ƙarewa. Na dubi yaron yana kwance a tabarma yana cin ƙafarsa. Ban ce wa kowa komai ba, na ce bari mijinta ya dawo daga hanya mu je asibiti tukuna.

Ban samu wannan damar ba. Washegari da hantsi surukar ƙanwata ta iso daga Damagum tare da wata tsohuwar ungozoma. Surukar nan Iya muke ce mata. Mace ce doguwa, mai tsage a fuska, Hausarta irin ta tsofaffin yankin nan, mace da namiji duk "kai" take ce musu. Ba muguwa ba ce, ina so a riƙe wannan. Jikoki biyu ta binne, ta zo ceton na uku ne da abin da ta sani.

Bayan gaisuwa aka shimfiɗa tabarma a tsakar gida. Ungozoma ta miƙa wa ƙanwata ɗan ƙoƙo ta ce ta tatsa nononta. Ta juya baya ta tatsa ta miƙo. Tsohuwar ta je gindin katanga ta kamo tururuwa ɗaya ta jefa a ciki. Wai in nonon lafiyayye ne za ta yi iyo ta fito, in mugu ne a nan za ta mutu. Muka zuba wa ƙoƙo ido, ni da digirina ɗaya da rabi har da ni a masu leƙe. Tururuwa ta yi ta fafutuka, ta kai bakin ƙoƙon ta zame, ta sake kaiwa ta zame, can sai ta daina motsi.

Ungozoma ta ce, "Kun gani. Nonon ba ya karɓar maza."

Iya ta ce yau za a yaye shi. Za ta tafi da shi Damagum, akwai saniya mai shayarwa a gidan, ga kunu, in ya yi ƙwari a dawo da shi. Umma ba ta ce uffan ba, don maganar jika a hannun dangin uba take. Ƙanwata tana hawaye, amma ta tashi ta shiga ɗaki ta fito da jaka. Ashe ta san da zuwansu, tun da asuba ta haɗa masa kaya, ta ninke 'yan rigunansa, har da man shafawarsa. Na ga jakar nan da idona, amma ban gane abin da take nufi ba sai can daga baya.

Ni dai raina ne ya ɓaci. Ina da zuciya, kowa a gidanmu ya sani. Na ce, "Iya, ki yi haƙuri, yaron nan ba inda za shi. Ko nonon wa aka zuba, tururuwa in ta faɗa sai ta nutse. A kawo na saniyar taki a gwada mu gani."

Umma ta ce, "Ke!"

Na ce, "Umma, bar ni. Nonon nan shi kaɗai ya rage masa. Shi ke tsare masa ciki. In aka raba shi da shi aka ba shi ɗanyen nonon saniya da ruwan rijiya, ba zai ga damina ba."

Iya ba ta yi fushi ba. Ta dube ni a tsanake ta ce, "To, kai da ka yi karatu. In ba nono ba ne, mene ne yana kashe su?"

Na ce ciwo ne a jini, gado ne.

Ta ce, "Gadon wa? Mu a gidanmu maza ba ya mutuwa. Na haifi bakwai, shida yana nan. Gadon wa?"

Na dubi ƙanwata, tana rungume da jaka. Na dubi Umma. Na san in na yi shiru, kafin azahar yaron nan yana cikin motar Damagum. Sai na ce, "Ta wajen uwa yake bi. Mata ke ɗauka, maza yake kamawa."

Umma ta dafa ƙasa ta miƙe, ta shige ɗaki ta saki labule. Iya, wadda yaron ke kan cinyarta, ta ɗaga shi ta miƙa wa uwarsa. Sannan ta juyo gare ni ta ce, "Ni na zo da magani. Kai ka zo da me?" Ta ɗauki mayafinta, ko ruwan da aka kawo musu ba su sha ba.

Na bi Umma ɗaki na same ta zaune a bakin gado. Ba ta kuka. Ta ce, "Ni na ba ta?"

Na ce, "Ke ma ba ki aka yi, Umma."

Ta ce, "Shekara da shekaru ina cewa ƙaddara ce, ina kwanciya in yi barcina."

Na ce ai har yanzu ƙaddara ce.

Ta ce, "Na sani. Amma da ban san ta cikina ta bi ba."

Da mijin ƙanwata ya dawo na zaunar da shi na yi masa bayani tun daga farko. Ya saurara har na gama, ya ce, "Yaya, ni ba na son jin daga ina ya zo. Ina za mu kai shi?" Allah ya saka wa mutumin nan. Muka tafi wani babban asibiti a Kano, aka ɗibi jini, aka aika wani wajen, muka yi ta jira. Duk tsawon jiran ina roƙon Allah ya sa na yi kuskure, ya sa in ji kunya a gaban Iya, in je har Damagum in durƙusa. Sakamako ya fito, likitar yaran ta ce ƙwayoyin da ke yin antibodi kusan babu su a jininsa. Ban taɓa tsanar yin daidai ba kamar ranar.

Magani akwai, in za a kira shi magani. Antibodi ne da ake tacewa daga jinin mutane masu lafiya, a zuba wa yaro kamar ƙarin ruwa. Ba ya warkarwa, aro ne shi ma, bayan 'yan makonni ya ƙare sai an sake, haka har ƙarshen rayuwa. Daga waje ake kawo shi, sai a cikin sanyi yake zama, kuma ba kullum ake samunsa ba ko da mutum ya zo da abin saye. Abin da mijinta da wana suka rabu da shi don yaron nan ba zan faɗa a nan ba, su ma ba sa so a faɗa.

Kuma ya yi aiki, wannan shi ya fi ciwo. Kunne ya bushe, kumatu suka dawo. Ina can makaranta ake turo mini hotunansa a waya: ya yi rarrafe, ya miƙe, ya taka. Duk tirelar da ta wuce sai ya nuna ta da yatsa ya ce "Baba", kuma a Potiskum kun san tirela ba ta yankewa, don haka yini yake yana kiran ubansa. Ƙanwata ta shayar da shi har ya wuce shekara ɗaya da rabi. In na kira ta muna gaisawa, ta ba ni labarinsa, amma hirar da muka saba ta tsaya. Na ɗauka gajiya ce.

A ɗakin gwajinmu akwai wasu ɓeraye masu lahani a wannan ƙwayar gadon, ita ɗin dai, ba wata mai kama da ita ba. Da can ban damu da su ba, ba su cikin aikina. Bayan na koma sai na riƙa zuwa ina tsayawa a gaban kejinsu. Ga su nan suna guje-guje, suna ci, suna haihuwa. A jikin ɓera lahanin ba ya yin tsanani, don yana da wata ƙwayar da ke karɓar aikin ta rufa masa asiri, sai ya samu antibodi daidai gwargwado. A jikin mutum ba ta wadatarwa. Shekara biyu ina rubuta yadda mu da ɓera muka yi kama, sai ga inda muka rabu, kuma a daidai wurin ɗan ƙanwata ya faɗa. Bayan haka ma, ɓerayen nan iskar da suke shaƙa tatacciya ce, ruwansu dafaffe, abincinsu gasasshe. Kafin in shiga wajensu sai na sa riga ta musamman, da hula, da safar hannu, na rufe hanci, don kada numfashina ya cutar da ɓera. In na fito na duba waya sai in ga ɗanmu yana wasa a ƙasa kusa da kwatar ƙofar gida. Akwai ranar da na cire safar na zauna a matakala na yi kuka har wani mai shara ya tsaya yana tambayata ko rasuwa aka yi mini. Na ce masa tukuna.

Kafin in baro ƙasar na ba da jinina aka gwada. Ni ma ina ɗauke da shi.

Na dawo gida da digiri, aka yi mini 'yar walima, wana ya yi ta tsokanarsa kamar kullum amma ba ta yi armashi ba. Ba a jima ba maganin ya yanke. Aka ce wata mai zuwa, wata ya zo aka ce na gaba. Na kira duk wanda na sani, a ƙasar nan da waje, na yi magiya, na yi faɗa, na yi Turancin da na iya. Likitar ta gwada abin da za ta iya, aka ɗibi jinin ubansa aka tace ruwan aka ƙara masa, ya ɗan riƙe shi. Amma uban direba ne, in bai hau hanya ba babu abinci, kuma jinin mutum ɗaya ba rijiya ba ne. Damina ta faɗi, tari ya kama yaron, ya sauka ƙirji. Aka kwantar da shi a asibitin garinmu, ma'aikatan suka yi iya yinsu. Ina riƙe da ƙafarsa, uwarsa na riƙe da kansa, ya cika da rana tsaka. Ya haura shekara biyu da kaɗan, ya fi yayyensa duka daɗewa.

Iya ta zo zaman makoki. Ta gaishe ni kamar kowa.

Bayan an watse, ranar da ƙanwata za ta koma ɗakinta, na same ta tana ninke kayansa a cikin jakar nan dai. Na zauna ina taya ta. Na ce mata ta yi iya ƙoƙarinta, babu uwar da za ta yi fiye da haka. Ba ta dube ni ba ta ce, "Yaya, kin san ranar da tururuwar nan ta mutu daɗi na ji?"

Na ce daɗi kuma?

Ta ce, "Wallahi daɗi na ji. Na ce ashe nono ne. Ashe akwai abin da zan yi. In ba shi ga kakarsa, in daure, in ɗaure ƙirjina, ya rayu. In na sake haihuwar namiji ma na san dabara." Ta ja zif ɗin jakar. "Da kin bar ni da nono, Yaya. Nono ana yaye shi. Jini fa, ina zan kai shi?"

Na ce da an tafi da shi da bai yi wata biyu ba.

Ta ce, "Na sani. Kin ƙara mini kusan shekara biyu da shi, ba zan manta ba. Ban ce kin yi laifi ba." Ta ɗauki jakar ta rataya. "Amma kin ga 'yata? Da in na dube ta sai in ce wannan ta tsira. Yanzu in na dube ta lissafi nake."

Ba mu ƙara yin maganar ba har yau. Tana nan a ɗakin mijinta, suna zaman lafiya, ba ta sake haihuwa ba, kuma ban tambaye ta ko ita ta zaɓi hakan ba. Maganar da na yi a tsakar gida kuwa ba ta tsaya a tsakar gida ba, ungozoma tana da baki kamar kowa. A Hausari yanzu an san mu, gidan da ba sa raya maza. 'Yar ƙanwata ta zama budurwa, kyakkyawa, mai hankali, masu zuwa suna zuwa, in iyayensu mata suka yi bincike sai a ji shiru. Alhali ƙila ma ba ta ɗauke da komai. Umma ta rasu bayan 'yan shekaru. A ciwonta na ƙarshe ta riƙa kiran sunayen yaran nan nata da ba mu taɓa jin ta ambata ba, tana ce musu su yafe mata.

Mutane kan tambaye ni, in da za a mayar da ni ranar nan, me zan yi. Wallahi abin da na yi shi zan sake. Ba zan zauna ina kallo a sa yaro a mota a kai shi ga mutuwarsa don tururuwa ta nutse ba. Ɗalibaina ma abin da nake koya musu ke nan, su faɗi gaskiya, su tura irin waɗannan yaran asibiti da wuri, kada a raba jariri da nonon uwarsa. Sai dai na daina yarda cewa sani sauƙi yake kawowa. Na ɗauka in ka gano sunan ciwo ka yi rabin aiki. A inda maganin yake jere a kanti, haka ne. A wajenmu sunan kawai na kawo, na ajiye shi a tsakar gida, kowa ya ɗauki rabonsa ya tafi da shi. Iya ta tambaye ni me na zo da shi, har yanzu ina neman amsar. Layukan nan da nake jerawa, na mutum da na ɓera, ina koyar da su duk shekara, ina zana su a allo, kuma har gobe abin mamaki ne. Amma daɗin da nake ji a da ya tafi, bai dawo ba.

Na yi aure a makare. Na gaya wa mijina komai tun kafin a kawo kuɗin gaisuwa, ya ce ya ji ya gani. Da na samu ciki ban yi barcin kirki ba har ranar da muka je hoton ciki. Mai hoton ta daɗe tana juya na'urarta, sannan ta ce, "Mace ce." Sai na fashe da kuka, irin mai sauti. Baiwar Allah ta rikice, ta dafa ni tana lallashi, "Haba Hajiya, mace ma ai ɗa ce. Ki yi haƙuri, in sha Allahu na gaba namiji ne." Ban ce amin ba. Ita kaɗai muka haifa.

Ranar suna ƙanwata ce ta yi mata wanka. Ta naɗe ta a zani ta miƙo mini, ta sunkuyo kusa da kunnena ta ce, "Wannan kada ki gwada ta, Yaya. Ki bar ta ta yi ƙuruciyarta." Na bar ta. Amma na san ranar tana zuwa da zan zaunar da ita, kafin wani ya kawo gaisuwa, in yi mata bayanin layi uku da tela da aro, in ga fuskarta ta canja kamar yadda na ga ta Umma da ta ƙanwata. Babu wanda zai yi wannan aikin sai ni.

Yanzu tana ajin farko na firamare. Kwanan baya na dawo daga aiki na tarar ta goya 'yartsanarta da ɗankwalina, tana zagaya tsakar gida tana jijjiga ta. Ta zo ta juya mini baya ta ce, "Mama, kin ga na haihu. Namiji ne. Ba ki yi mini barka ba."

Na ajiye jakata na gyara mata goyon, don ya karkace. Na ce, "Barka. Allah ya raya."